Laraba, Ƙarfe Uku

Ƙarfe uku na rana, gari ya riga ya yi duhu.
Haka hunturu yake a nan arewacin Finland:
rana takan leƙo kamar mai bin bashi
da ya san ba za a biya shi ba, ta juya.
Ni Tuovi, shekara ashirin da shida
mabuɗan laburaren garin nan suna aljihuna.
Na san kowa da yadda yake kakkaɓe ƙanƙara a bakin ƙofa.

Ba littafi kaɗai muke ba da aro ba.
Akwai keken ɗinki, akwai na'urar huda bango,
akwai akwatin iri: ka ɗebi na karas da bazara,
in kaka ta yi ka kawo mana naka.
Ran Litinin masu saƙa kan cika teburin taga,
ulu a hannu, labarin gari a baki.
Kerttu ba ta taɓa gama safar da ta fara ba,
don dama ba safa ke kawo ta ba.

Laraba kuwa ta Nappi ce,
wani tsohon kare mai kunne ɗaya a kwance.
Aikinsa sauraro.
Yara su zauna kan darduma su karanta masa,
ba ya gyara kowa, ba ya dariya,
ba ya cewa yi sauri.
Saboda shi Aatu ke zuwa,
ɗan shekara takwas, mai in'ina,
wanda kalma kan tsaya masa a maƙogwaro
kamar ƙayar kifi.

A can lungu kuma, ajin koyon waya.
Dattijo Reino na zaune gaban Siiri, 'yar sakandare,
yatsunsa manya, haruffa ƙanana.
Bai damu da hoto ba, bai damu da labarai ba.
Abu ɗaya ya zo nema:
yadda zai sake jin saƙon da Sylvi ta bar masa
mako biyu kafin ta rasu.
"Ka sayo madara. Ka sa hula."
Shi ke nan saƙon.
Sau tara na ji shi yau.

To, wannan Laraba Nappi bai zo ba.
An yi masa aiki a ƙafa, yana kwance a gida.
Aatu ya tsaya da littafi a ƙirji,
ya dubi darduma, ya dube ni,
ya fara mayar da hannu cikin rigar sanyi.
Na buɗe baki, ban sami abin faɗa ba.

Sai Reino ya kife wayarsa.
"Yaro, ni ma kunnena ɗaya ke aiki."
Ya sauka ƙasa da kyar, gwiwoyi na ƙara
kamar tsohuwar ƙofa,
ya juyo da kunnen hagu, ya rufe ido.

Aatu ya fara. Labarin wani dila ne da kwalekwale.
A layi na huɗu kalma ta ƙi fita.
Agogon bango ya yi ta tafiya.
Wanda ya shekara sittin bakin ramin ƙanƙara
yana jiran kifi ya taɓa ƙugiya,
jiran kalma ɗaya ba zai gajiyar da shi ba.
Ko gira bai ɗaga ba.
Kalmar ta fito da kanta, a jiƙe, tana numfashi,
sauran suka biyo ta.

Ƙarfe biyar ya kamata in kashe fitilu.
Na ƙara minti goma sha ɗaya,
don dila bai kai gaɓa ba tukuna.

Akwai takardar da nake cikewa hukumar gari duk mako:
sunan shiri, yawan mahalarta.
Na rubuta: Karatu ga kare. Mutum biyu.
Da za su fita na ji Aatu, ba ko tuntuɓe,
yana ce wa dattijon, "Ka sa hula."